Jawabin Farko a Taron Fasaha: Yadda Ake Shawo Kan Fargaba Kafin Hawa Dandamali

A watannin ƙarshen shekara, ƙungiyoyin masu ƙirƙirar manhaja da ke ƙarƙashin inuwar kamfanin Google kan shirya taron DevFest a birane da dama na duniya, ciki har da Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Kafin irin wannan taro, masu shiryawa kan fitar da sanarwar neman masu jawabi. Matashin da ya ɗan ƙware a wani fanni sai ya tura taken jawabinsa da taƙaitaccen bayani, bai ma sa ran za a kula shi ba. Kwatsam sai ga saƙon imel cewa an karɓa, an ba shi minti 25. Murnar ba ta wuce kwana biyu. Daga nan cikinsa ya ɗuri ruwa, barci ya fara gagara, har wani ya soma laluben uzurin da zai bayar ya janye.

Janyewar kuwa asara ce babba. A harkar fasaha, jawabi ɗaya da aka ɗauka a bidiyo yakan zame wa mutum shaidar ƙwarewa da ta fi takardar neman aiki nauyi, domin mai ɗaukar aiki zai ga yadda yake tunani da yadda yake bayani. Ga kuma mutanen da za su tare shi bayan ya sauko. Don haka ya dace a san abin da ke haddasa fargabar, da matakan da ke rage ta.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, takan umarci wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin cikin jini. Nan take bugun zuciya zai ƙaru, numfashi ya koma sama-sama, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, aikin narkar da abinci ya ja baya. Wannan ne dalilin bushewar baki, da murɗawar ciki, da sanyin tafin hannu, da rawar murya. Jiki ya yi shirin gudu ne ko kokawa, alhali abin da ke gabansa mutum ɗari biyu ne zaune a kan kujeru, rabinsu ma suna latsa waya. Ƙwaƙwalwa ba ta cika bambance haɗarin zaki da haɗarin jin kunya a bainar jama'a ba.

Sinadarin ba ya daɗewa yana tashe. Galibi yakan kai ƙololuwa ne dab da fara magana da kuma mintunan farko, sannan ya lafa idan jiki ya ga babu abin da ya faru. Wannan na nufin wahalar ba ta minti 25 ɗin gaba ɗaya ba ce. Mintuna biyu ko uku na farko su ne tudun da za a haura, kuma a kansu ya kamata shiri ya fi ƙarfi.

Akwai kuma abin da mai jawabi ke ɗora wa kansa ba tare da ya sani ba. Goro da kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, wanda shi ma ke ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Wanda ya kwana yana gyaran shafukan jawabi, da safe ya ɗora gwangwani biyu na lemun kuzari a kan cikin da babu komai, ya ƙara wa wuta fetur. Abinci mara nauyi da ruwa sun wadatar. Wasu kan sha maganin da ke rage bugun zuciya irin su furofaranolol, to amma wannan magani ne na likita, yana da haɗari ga mai ciwon asma da mai ƙarancin hawan jini, bai kamata a saye shi a kemis bisa shawarar aboki ba.

Masu sauraro ba sa ganin abin da ake zato

A shekarar 2003, masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Kenneth Savitsky da Thomas Gilovich, sun wallafa wani bincike da suka gudanar kan ɗalibai masu yin jawabi. Sun gano cewa mai magana yakan ɗauka tsoronsa ya fito fili fiye da yadda masu kallo ke gani a zahiri. Shi yana jin zuciyarsa kamar ana buga ganga, amma wanda ke layi na biyar ba ya jin komai. Abin da ya fi jan hankali shi ne, ɗaliban da aka sanar da su wannan gaskiya kafin su fara magana sun fi sauran yin jawabi mai kyau, a ganinsu da kuma a ganin masu kallo. Sanin cewa tsoron a ɓoye yake ya raba su da tsoro na biyu, wato tsoron kada a gane suna tsoro.

Saboda haka babu amfanin buɗe jawabi da ba da haƙuri, irin su "ku yi haƙuri wannan ne karona na farko, jikina rawa yake yi." Mai faɗin haka ya tona wa kansa asirin da babu wanda ya lura da shi, kuma daga nan jama'a za su koma neman alamun rawar jikin maimakon sauraron batun.

Wani binciken kuma na Alison Wood Brooks ce ta Jami'ar Harvard, wanda ya fito a 2014. Ta lura cewa yawancin mutane na ganin shawarar da ta fi dacewa ga mai fargaba ita ce ya kwantar da hankalinsa. Matsalar ita ce jikin da adirenalin ya riga ya tayar ba ya kwanciya da umarni. Sai ta sa wasu daga cikin mahalarta binciken su faɗa a fili cewa suna cikin zumuɗi kafin su yi jawabi, wasu kuma su ce hankalinsu a kwance yake. Masu tantancewa sun fi gamsuwa da jawabin rukunin farko. Dalilin a sarari yake: fargaba da zumuɗi duk bugun zuciya ɗaya ne, gumi ɗaya ne, bambancinsu fassarar da mutum ya ba su. Sauya fassarar ya fi sauƙi a kan tsayar da bugun zuciyar.

Ta fuskar numfashi, abin da ke aiki shi ne tsawaita fitar da iska fiye da shaƙarta, domin zuciya kan ɗan rage gudu a lokacin fitar numfashi. A ja iska ta hanci, a ƙara ja kaɗan a kai har huhu ya cika, sannan a sake ta a hankali ta baki. Sau huɗu ko biyar a bayan dandamali ya isa.

Gwajin kai-tsaye, inda gizo ke saƙar

Jawabin fasaha ya bambanta da wa'azi ko laccar siyasa ta fuska guda: akwai na'ura a tsakani, kuma na'ura ba ta da kunya. Kaso mai yawa na fargabar sabon mai jawabi ba ta magana ba ce, ta tunanin manhajar da ya gina za ta ƙi tashi ce a gaban manyan fannin. Wannan tsoro yana da tushe, domin abin ya faru da waɗanda suka fi kowa kuɗi da ma'aikata.

A ranar 20 ga Afrilun 1998, a taron COMDEX da aka yi a Shikago, wani ma'aikacin Microsoft mai suna Chris Capossela yana tsaye kusa da Bill Gates yana nuna yadda Windows 98 ke gane sabuwar na'ura da kanta. Yana jona na'urar sikana, sai kwamfutar ta faɗi, shuɗin allon nan na kuskure ya bayyana a gaban dubban mutane. Zauren ya fashe da dariya da tafi. Gates ya yi murmushi ya ce lallai wannan ne ya sa har yanzu ba su fitar da Windows 98 kasuwa ba. Capossela bai rasa aikinsa ba. Daga baya ma shi ya zama shugaban sashen tallace-tallace na kamfanin gaba ɗaya.

A watan Yunin 2010 kuma, Steve Jobs na gabatar da iPhone 4 a taron masu ƙirƙirar manhaja na Apple, sai shafin jaridar New York Times ya ƙi buɗewa a wayar. Daga baya ya dawo ya shaida wa jama'a cewa an gano na'urorin Wi-Fi har 570 suna aiki a cikin zauren, ya roƙi mutane su kashe nasu. Idan haka ta faru a San Faransisko, to wanda zai yi jawabi a zauren da intanet ɗinsa ya dogara da ƙaramar na'ura ɗaya da mutum ɗari uku suka rataya a kanta ya san abin da ke jiransa.

Darasin da ya fi amfani yana cikin gabatar da iPhone ta farko, ranar 9 ga Janairun 2007. Injiniyoyin da suka yi aikin, musamman Andy Grignon, sun bayyana daga baya cewa wayar ba ta kammalu ba a lokacin. Tana iya kunna wani ɓangare na waƙa ko bidiyo, amma ba a da tabbacin za ta kai ƙarshe ba tare da ta tsaya ba. Idan aka aika imel sannan aka shiga intanet, lafiya lau. Idan aka juya tsarin, tana iya maƙalewa. Sai suka yi ta gwaji har suka gano jerin matakai guda ɗaya da wayar ke bi ba tare da matsala ba, suka kira shi hanyar zinare. Jobs ya shafe kwanaki yana maimaita wannan jeri a kan dandamalin da zai yi jawabin. An ajiye wayoyi fiye da ɗaya a gabansa saboda ma'adanar wucin-gadin wayar kan cika, an kuma kawo ƙaramar hasumiyar sabis ta musamman. A ranar, wayar ba ta ba da kunya ba. Abin da ya ƙi aiki shi ne ɗan rimot ɗin sauya shafuka, Jobs kuwa ya cike giɓin da labarin wata na'urar dagula hoton talabijin da abokinsa Steve Wozniak ya taɓa haɗawa suna samari, har aka gyara.

Sabon mai jawabi zai iya kwaikwayon wannan ba tare da kashe ko sisi ba. Ya rubuta matakan gwajinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bi su sau goma a jere, kada ya kauce musu a ranar taro ko da wani tunani mai daɗi ya zo masa a kan dandamali. Duk abin da za a sauko da shi daga intanet, a sauko da shi tun a gida. Dogayen umarnin da za a rubuta a baƙin allon kwamfuta a ajiye su a wani fayil don kwafa da liƙawa, saboda yatsun da ke rawa ba su iya rubutu ba, kuma babu abin da ke tsawaita minti ɗaya kamar neman harafin da aka tsallake mutane na kallo. Daren jajibiri ba lokacin sabunta tsarin kwamfuta ko wata manhaja ba ne. Sama da duka, a ɗauki bidiyon gwajin yana aiki daidai, da manhaja irin OBS Studio wadda kyauta ce, a ajiye shi a buɗe a gefe. Idan abu ya ƙi, a ba shi daƙiƙa 30. In bai tashi ba, a kunna bidiyon a ci gaba da bayani a kansa. Sanin cewa bidiyon na nan yana rage fargaba tun kafin a buƙace shi, kuma sau da yawa ba a ma buƙatarsa.

Kayan da za a zuba a jaka

Yawancin majigin da ke zaurukan taro da jami'o'i da kebul ɗin HDMI suke aiki, wasu tsofaffi ma VGA, alhali sabbin kwamfutocin tafi-da-gidanka da dama ramin USB-C kaɗai gare su. Mai jawabi ya zo da mahaɗarsa, kada ya dogara da ta masu shirya taro, wadda wataƙila mai jawabin da ya gabata ya tafi da ita a aljihu. Ya zo da caja, batirin kwamfuta a cike, domin idan aka ɗauke wuta majigi zai mutu na ɗan lokaci kafin a tayar da janareta, amma bai kamata kwamfutar ita ma ta bi shi ba. Shafukan jawabi a mayar da kwafinsu PDF, a sa a filash, a kuma tura wa kai ta imel. Waya ta kasance da data ko da za a buƙaci jona kwamfuta da ita.

Sai a je zauren da wuri a jona a gani. A Windows, danna maɓallin Windows tare da harafin P yana ba da zaɓin ko allon kwamfuta da majigi su nuna abu ɗaya, ko kuma majigi ya zama allo na biyu. Zaɓi na biyun shi ke ba PowerPoint da Keynote da Google Slides damar nuna wa mai jawabi bayanansa na sirri da agogo da shafi na gaba, jama'a kuwa shafin kawai suke gani. Amma lokacin gwajin manhaja, allo iri ɗaya ya fi, in ba haka ba mutum zai yi ta murɗa wuya yana rubutu yana kallon bango. A ƙara girman rubutun lambobin manhaja har sai na layin ƙarshe ya iya karantawa, kuma a zauren da haske ya yi yawa farin bango da baƙin rubutu ya fi fitowa a kan baƙin bangon da masu manhaja ke ƙauna. A kashe sanarwar saƙonni, a rufe WhatsApp na kwamfuta. Saƙon iyali da ya faɗo a kan allo mai faɗin mita uku ya isa ya hargitsa gwani ma.

Haddar farko, fahimtar saura

A Janairun 2014, a baje-kolin CES na Las Begas, kamfanin Samsung ya gayyato Michael Bay, mai ba da umarnin finafinan Transformers, don ya yi magana kan sabon talabijin ɗinsu mai lanƙwasa mai inci 105. Na'urar da ke nuna masa rubutun da zai karanta ta rikice. Ya yi ƙoƙarin ci gaba da ka, ya kasa, ya ba da haƙuri ya juya ya fice daga dandamalin. Mutumin da ke sarrafa ɗaruruwan ma'aikata a wurin ɗaukar fim ke nan. Abin da ya kayar da shi dogaro ne kacokan da kalmomin da ba su zauna a kansa ba.

Haddace jawabi kalma bayan kalma shi ma irin wannan tarkon ne, don idan jimla ɗaya ta ɓace, sauran kan bi ta. Abin da ya fi shi ne a haddace jimloli huɗu ko biyar na farko har su zama kamar karatun da aka taso da shi, saboda su baki zai furta da kansa a lokacin da adirenalin ke kan ganiyarsa. Sauran jawabin kuma a riƙe shi a matsayin jerin batutuwa: matsalar da aka fuskanta, abin da aka fara gwadawa, dalilin da ya sa bai yi ba, abin da ya yi aiki. Mai jawabi ya san wannan labari domin shi ya rayu a cikinsa.

Maimaitawa kuwa da murya ake yi, a tsaye, da agogo. Karantawa a zuci yaudara ce, komai yakan tafi sumul. Sai an buɗe baki ake gano inda harshe ke sarƙewa da inda shafi biyu ba su haɗu ba. A yi sau ɗaya a gaban kyamarar waya, sau ɗaya a gaban abokai biyu ko uku, zai fi kyau a samu ɗaya da bai san fannin ba. Idan an ba da minti 25, a shirya na minti 20. Doguwar gaisuwa ga manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka saba da ita a tarukanmu na gida, ba ta da gurbi a nan. Sallama da suna da abin da za a yi magana a kai sun wadatar.

Akwai nauyi biyu da matashin da ya taso a ƙasar Hausa kan ɗauka fiye da takwaransa na wani wuri. Na farko Turanci. Yawancin waɗannan taruka da Turanci ake yin su, kuma wasu kan damu da yadda lafazinsu ke fita, musamman haruffan da Hausa ba ta bambance su. Manyan tarukan fasaha na duniya cike suke da masu jawabi daga Indiya da Jamus da Faransa da Sin, kowa da irin lafazinsa, ba a kuma fasa sauraronsu ba. Abin da ke hana a fahimci mutum sauri ne, shi ya sa rage gudu ya fi gyaran lafazi amfani. Na biyu kunya. Wanda aka tarbiyyantar da kada ya zuba wa babba ido zai ji nauyin tsayawa yana koyar da zauren da malaminsa na jami'a ke zaune a layin gaba. Dabarar ita ce ya zaɓi fuskoki uku masu sakin fuska, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ya riƙa yi musu magana bi da bi. Daga nesa, kowa zai ɗauka shi ake kallo.

Lokacin tambayoyi

Nan ne wasu suka fi tsoro, saboda ba a iya maimaita shi a gida. Amma ana iya hasashen mafi yawansa: a zauna a rubuta tambayoyi biyar da aka fi fatan kada a yi, a shirya amsarsu. Idan an yi tambaya, mai jawabi ya maimaita ta a makirfo. Na baya za su ji, bidiyo zai ɗauka, shi kuma ya sami daƙiƙa biyar na tunani. Wadda bai san amsarta ba ya ce bai gwada wannan ba tukuna, zai duba, ko kuma ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwadawa a cikin zauren. Injiniyoyi sun fi girmama wannan a kan kame-kame, don suna gane kame-kame nan take. Akan kuma samu mai karɓar makirfo ba don tambaya ba sai don ya gabatar da nasa jawabin. Shi ana gode masa ne, a ce a haɗu bayan taro a ƙarasa, a wuce ga na gaba.

Wanda har yanzu yake ganin minti 25 a gaban ɗaruruwan mutane ya fi ƙarfinsa, akwai matakala a ƙasa. Tarukan PyCon na masu amfani da yaren Python sun shahara da gajerun jawabai na minti biyar, waɗanda ake yanke mutum da zarar lokacinsa ya cika, kuma tarukan fasaha da yawa sun ɗauki wannan tsari. Ƙananan haɗuwar wata-wata da ƙungiyoyin ɗalibai da cibiyoyin fasaha ke shiryawa su ma wuri ne na gwada jawabin a gaban mutum 15 ko 20 kafin a kai shi babban zaure. Jawabi ɗaya ana iya yin sa sau uku a wurare uku, kuma masu shirya manyan taruka sun fi sakin jiki da wanda ya haɗa musu da bidiyon inda ya taɓa yin magana, ko da da waya aka ɗauka.